Gyaran Babur A Gida: Wurin Da Bidiyo Ke Yankewa, Nan Ake Jin Ciwo

Duk wanda ya taɓa neman bidiyon gyaran babur a YouTube ko TikTok zai lura da abu ɗaya. Da bidiyon ya buɗe, babur ɗin ya riga ya hau sama. Tayar baya tana lilo a iska, mai bayani yana riƙe da sifana, fitila ta haske ko'ina. Yadda aka yi babur ɗin ya hau can, da abin da ke riƙe da shi, da irin ƙasar da yake tsaye a kai, duk an yanke su, domin ba wanda zai ƙona datarsa yana kallon mutum yana gyara zaman katako. Matashin da ke kallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi sai ya haddace yadda ake kwance taya da yadda ake ɗaure cen, ya fita tsakar gida, ya cike gurbin da aka yanke da abin da hannunsa ya kai gare shi: bulo biyu, ko dutse, ko tsohon galan, ko jak ɗin motar maƙwabci.

Kuskure wajen kwance noti asarar kuɗi yake jawowa, a je kasuwa a sayo wani. Kuskure wajen ɗaga babur kuwa yana iya kai mutum wajen mai ɗori ko asibitin ƙashi, kuma wani lokaci wanda abin ya faɗa wa ba ma shi ne mai gyaran ba, ƙaninsa ne ko ɗansa da ya tsuguna yana kallo. Saboda haka ɗaga babur da tsayar da shi daram shi ne darasin farko na gyara a gida. Wanda bai iya shi ba, bai kai lokacin kama sifana ba tukuna, komai yawan bidiyon da ya kalla.

Dalilin da ya sa gyara ya dawo gida

Babu laifi matashi ya koyi kula da babur ɗinsa da kansa, abin yabo ne ma. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, sannan faɗuwar darajar naira ta ɗaga kuɗin kayan gyara da ake shigowa da su daga Indiya da Sin. Ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci da ɗan acaba da mai kai saƙon masu sayar da kaya a WhatsApp da Instagram, kowa lissafi yake yi. Haka abin yake ga ɗan kabu-kabu a Zinder, ko da kuɗinsa sefa ne. Idan mutum zai iya sa wa cen mai, ya ɗaure shi in ya saki, ya duba birki, ya juye baƙin mai, ya cire taya ya kai wa mai faci, ya rage kashe kuɗi, kuma ya san halin abin hawansa.

Matsalar ita ce da yawa daga cikin bidiyon da ake koyo da su a Amurka ko Turai aka ɗauke su, a cikin garejin gida mai daɓen kankare shimfiɗaɗɗe, da ƙarafan ɗaga babur na musamman. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan matsala sarai: manhaja ta yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, a ɗora ta a wata kwamfutar ta ƙi tashi, alhali ko harafi ɗaya ba a canza ba. Muhallin ne ya bambanta. Dabarar da ta yi aiki a kan kankare ba dole ba ne ta yi aiki a kan rairayin ƙofar gida, ko a zaure, ko a tsakar gidan da yara ke guje-guje.

Ƙaramin babur ma ba ƙaramin nauyi ba ne

Mutane suna raina nauyin babur saboda a kan tayoyinsa suka saba tura shi. Bajaj Boxer da TVS HLX, waɗanda suka cika titunan arewa, kowannensu ya haura kilo 100. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu biyu da ɗoriya. Roba-roba ma bai yi nisa da kilo 100 ba, manyan babura kuwa suna kai kilo 200 har su wuce. Ga kuma man da ke tanki: lita 10 ta fetur ta haura kilo bakwai, kuma a can sama take zaune, tana kai-kawo duk lokacin da aka motsa babur ɗin.

Abu mai taya biyu ba ya tsayuwa da kansa. Sai ya taɓa ƙasa a wurare uku aƙalla, kamar murhun duwatsu, kuma tsakiyar nauyinsa ta faɗo a cikin filin da ke tsakanin wuraren nan uku. Da zarar nauyin ya fita daga wannan fili, babur ya tafi, kuma ba ya jiran kowa. Duk dabarun da za su zo a ƙasa wannan ƙa'ida suke bi. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsakiyar nauyi tana matsawa a lokacin aiki. Da an zare taya, wannan ɓangaren ya yi sauƙi, ɗayan ya rinjaye shi. Babur ɗin da ya tsaya cak minti ɗaya da ya wuce yana iya sauya zama a daidai lokacin da hannayen mai gyara biyu ke riƙe da taya.

Ƙasa kafin komai

Wurin aiki shi ne abin dubawa na farko. Ana buƙatar ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara. Daɓen siminti ya fi komai, amma akwai tarko a nan: magina da gangan suke yi wa tsakar gida gangara domin ruwa ya bi ya fita ta rariya. Ido ba ya ganinta sosai, amma babur yana jinta. Kofin ruwa ɗaya da aka zuba a ƙasa zai nuna inda ta nufa. Idan babu yadda za a kauce mata, a juya kan babur ya fuskanci tudu, kada a bar shi yana kallon gangara, kada kuma a gicciya shi.

Rairayi da ƙasar da ta sha ruwan damina ba sa riƙe ƙafar jak. Ƙafa ɗaya takan nutse kafin ɗayar, a hankali, har babur ya karkata ba wanda ya lura. Kwalta ma a tsakiyar zafin Afirilu takan yi laushi ƙarfe ya shige ta. Maganin wannan shi ne faffaɗan katako mai kauri, aƙalla inci ɗaya, wanda zai ɗauki ƙafafun jak duka biyu a tare. Katakon zai ƙara tsawo kaɗan, ya sa ɗagawar ta ƙara wuya, don haka a nemi mai taimako. Tayil kuma santsi gare shi, musamman idan baƙin mai ya ɗiga, sai an shimfiɗa katako ko roba mai kauri.

Sannan a dubi abin da ke kewaye. Babur idan zai faɗi yana buƙatar fili, mai gyara ma yana buƙatar inda zai ja da baya. Wanda ya matse kansa tsakanin babur da bango ya rufe wa kansa hanyar gudu. Murhu da kaskon gawayi da janareta mai aiki su yi nisa, a rufe makullin mai, a bar injin da salansa su huce. Yara kuma a ba wa wani babba amanarsu har a gama. Faɗa musu su matsa ba ya wadatarwa, yanzu za su dawo.

Babban jak ya fi duk abin da ake tallatawa

Shafukan sayayya na intanet cike suke da ƙarafan ɗaga babur, amma yawancin ƙananan baburan da ake hawa a wannan yanki sun zo da abin da ya fi dacewa da su tun daga kamfani, wato babban jak, na tsakiya mai ƙafa biyu. Waɗanda suka ƙera babur ɗin su suka zaɓi inda zai zauna, daidai da nauyinsa. Abin takaici, wasu matasa cire shi suke yi don ado, ko don yana gugar ƙasa a kwana, ko kuma su bar shi ya lanƙwashe har ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wanda ke da niyyar gyara a gida, kuɗin farko da zai kashe a kan wannan jak ne: a miƙar da shi, a sa masa giris, a canza sifirin ɗinsa idan ya saki.

Hawa da shi dabara ce, ba ƙarfin ƙirji ba. Mutum ya tsaya ta hagu, giya tana firi, hannun hagu a kan babur, hannun dama a kariya. Ya taka jak ɗin da ƙafar dama har ya ji ƙafafunsa biyu sun taɓa ƙasa a tare, sannan ya ɗora nauyin jikinsa a kan matakin yana jan kariya sama da baya. Babur ɗin da kansa zai hau. Wanda ya ji bayansa na ciwo bayan ya gama, ɗauka ya yi da hannu, kuma wata rana zai saki.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: babban jak naɗewa yake yi idan babur ya yi gaba, ai da haka ake sauke shi. Ke nan duk turin da zai kai babur gaba a lokacin aiki, kamar bugun sandar taya ko kokawa da noti mai tauri, yana iya sauke shi ba shiri. Matakai biyu masu arha suna toshe wannan. Na farko, a matse birkin gaba a ɗaure shi da robar tsohon tub, yadda tayar gaba ba za ta gangara ba. Na biyu, a ɗaure ƙafar jak ɗin da igiya mai ƙarfi zuwa tayar gaba, yadda ko an tura ba zai naɗe ba. Minti biyu ake ɓatawa a kan waɗannan.

Sai ƙa'idar noti. Duk noti mai tauri, musamman na sandar da ta ratsa tsakiyar taya, a ƙasa ake fara sassauta shi, tayoyi biyu suna taɓa ƙasa, wani yana zaune a kai ya taka birki. Sassautawa kawai, ba cirewa ba. Ɗaurin ƙarshe mai ƙarfi shi ma sai an sauko. Sau da yawa faɗuwar babur a wajen gyara a lokacin da mutum ya hau sifana da duka ƙarfinsa take faruwa.

Kafin a zare komai, a gwada. Masu manhaja ba sa sakin aiki ga jama'a sai sun nemi karya shi da kansu. Haka mai babur zai kama kariya ya girgiza hagu da dama, ya ɗan tura gaba da baya. Idan akwai abin da zai motsa, gara ya motsa yanzu da tayoyi biyu ke jiki kuma mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa.

Idan tayar gaba za a cire

A kan babban jak, yawancin ƙananan babura tayar gaba ce ke ƙasa, ta baya tana sama. Don a ɗaga ta gaba sai an rinjayar da nauyi baya, wani ya danna kariya ko a ɗaure mata buhun yashi. Amma kada a dogara da wannan kaɗai, domin mai dannawa yana iya jin wayarsa ta yi ƙara ya saki. Da gaban ya tashi, a cusa gungumen katako a ƙarƙashin firem ta gaban injin, ya cika wurin tam. Igiyar da ke riƙe da jak a mayar da ita jikin firem, tunda tayar za ta fita.

A nan robar da aka ɗaure birkin gaba da ita dole a kwance ta, a tokare tayar baya da katako gaba da baya a madadinta. Idan birkin gaba mai faifai ne, irin mai aiki da mai, kada a kuskura a matse shi bayan an zare taya, domin takalman birkin za su haɗe, mayar da faifan ya zama wani aikin. Kuma kada a taɓa cire tayoyi biyu a lokaci ɗaya a gida.

Babur ɗin da ba shi da babban jak

Manyan babura na zamani da yawa ƙaramin jak na gefe kawai gare su. Akwai dabarar da ta shahara a bidiyo: a ɗaure birkin gaba, a kafe babur a ƙaramin jak, a ɗan rinjayar da shi ta hagu, a tokare ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ta dama da guntun katako, har tayar ta bar ƙasa da kaurin yatsa. Wurare uku sun samu: tayar gaba, ƙaramin jak, da katakon. Dabarar tana aiki, amma iyakarta juya taya a sa wa cen mai. Ba ta kai a cire taya da ita ba, kuma ƙaramin jak ɗin sai an sa masa katako a ƙasa, domin kusan duk nauyin a kansa yake.

Aikin da ya wuce wannan yana buƙatar ƙarfen ɗaga baya mai hannu da ƙananan tayoyi, irin wanda ake gani a bidiyon Turawa. Wanda zai saya ta intanet ya auna faɗin bayan babur ɗinsa tukuna, ya duba nauyin da aka rubuta ƙarfen yana ɗauka, ya kuma tabbatar irin kamun da yake yi ya dace da babur ɗinsa. Hoton talla ba ya nuna kaurin ƙarfe. Mai walda na unguwa yana iya haɗa irinsa, kuma yana iya fin na intanet ƙwari, da sharaɗin a kai masa babur ɗin ya auna, a yi gindin da faɗi, a yi amfani da bututu mai kauri, kuma waldar ta zagaye gaɓa gaba ɗaya ba ɗigo-ɗigo ba. Ko da wane iri ne, mutum biyu ke hawa da shi, ɗaya ya riƙe babur a miƙe, ɗaya ya danna.

Abubuwan da suka fi jawo rauni

Bulo shi ne na ɗaya, saboda kusan kowane gida akwai shi kuma a ido ƙaƙƙarfa ne. Bulon gini, na inci 6 ko na inci 9, rami ne a cikinsa, an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a kansa cikin gini. Idan ƙarfe ya danna shi a wuri ɗaya, musamman in an kwantar da shi ta gefe, fashewa yake yi lokaci guda. Ga kuma bulon da aka tsuke wa siminti, wanda farce ma yana kankare shi. Katako idan nauyi ya yi masa yawa yakan yi ƙara ya lanƙwasa, ya ba mutum damar janye hannu. Bulo ba ya sallama.

Jak ɗin mota shi ne na biyu. Mota tana da sauran tayoyi uku da ke riƙe da ita, babur ba shi da su. Kan jak ɗin ƙarami ne, ɗagawa a wuri ɗaya yake yi, babur ya zama kamar faranti a kan yatsa. Irin mai aiki da mai kuma yana iya sauka a hankali idan robarsa ta tsufa. Ana iya amfani da shi a matsayin tokari tare da babban jak, da katako tsakaninsa da babur, amma shi kaɗai bai isa ba. Kuma ba a sa shi a ƙarƙashin salansa, ko notin juye baƙin mai, ko murfin roba. Cikin injin da alminiyom aka yi shi, tsagewa yake yi, kuma kuɗin canza shi ya ninka kuɗin bakanike sau da yawa.

Na uku, ratayewa. A bidiyo ana ganin an rataye babur da igiya a ƙarfen rufin gareji. Rumfar kwano ta ƙofar gida, da siraran katakonta da ƙusoshi, ba a gina ta don ɗaukar buhun siminti biyu ba, haka ma azarar da gara ta ci cikinta, haka ma reshen darbejiya.

Na huɗu, kwantar da babur a ƙasa don a cire taya. Fetur yakan zubo daga kabireta da murfin tanki, ruwan batir yakan tsiyaye idan batirin irin na ruwa ne, baƙin mai kuma yakan bi ya shiga inda bai kamata ba.

Na biyar shi ya fi muni, kuma babban jak ne ke ba da damarsa: a kunna injin, a sa giya, taya tana juyawa, mutum ya kama cen da tsumma yana gogewa don a yi sauri. Cen yakan fizgi tsumman, tsumman ya ja yatsa zuwa haƙoran da cen ke bi, kuma kafin ƙiftawar ido an rasa kan yatsa. Likitocin hannu sun san wannan rauni a duk ƙasar da babur ya yi yawa. Cen da injin a kashe ake wanke shi, makulli a aljihu, ana juya taya da hannu, da buroshi da kananzir.

Idan kuma duk da haka babur ya fara tafiya, a bar shi ya faɗi. Madubi da fitila da hannun kuloci ana sayar da su a kasuwa. Wanda ya yi ƙoƙarin tare kilo 100 da hannu ɗaya yana tsugune, ƙashinsa ne zai biya.

Inda waya ke da amfani

Wayar da ta kawo bidiyon tana iya zama kayan aiki na gaske. A cikinta akwai na'urar da ke gane karkata, wadda ke juya allo idan an kwantar da waya. Manhajojin awon daidaito da ita suke aiki. A iPhone yana cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai na kyauta da yawa a Play Store. A ɗora waya a kan miƙaƙƙen katako a wurin da za a yi aiki, a lura cewa tudun kyamara yana ɗan ɗaga gefe ɗaya, don haka a tsayar da ita ta gefenta.

Kafin a zare taya a ɗauki hoton ɓangarorin biyu, sannan a ɗauki hoton ƙananan zobban ƙarfe yadda suka fito a jere. Wanda ya manta inda zobe ɗaya yake shi ne ke daɗewa yana kokawa da babur a sama. A nemi littafin babur ɗin a sauke shi a waya. A ciki ne kamfani ya faɗi iyakar sakin cen, wanda a ƙananan babura yakan kasance tsakanin milimita 20 zuwa 30, da lokacin sa masa mai, wanda littattafai da yawa suka sa a kowace kilomita 500, kuma ƙurar hunturu tana sa a yi kafin nan. Bidiyo kuma a kalle shi tun daga farko har ƙarshe kafin a fara, a rage gudunsa zuwa 0.5 a wuraren da hannu ke sauri. Lokacin aiki a jingine wayar a gefe. Wanda ke haska fitilar waya da hannu ɗaya, da hannu ɗaya yake aiki. Gara a yi da rana.

ChatGPT da ire-irensa suna iya jero matakai tsaf cikin daƙiƙa kaɗan, amma ba su taka ƙasar gidan mai tambaya ba, ba su ga jak ɗinsa da ya lanƙwashe ba. Amsarsu ma, kamar bidiyon, gareji take ɗauka kowa yana da shi, sai dai in an faɗa musu akasin haka.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, ai bakanike a bakin titi a ƙasa yake aiki, da dutse da guntun ƙarfe, kuma yana gamawa lafiya. Gaskiya ne. Amma bakanike yana da yara biyu ko uku da ke riƙe masa babur ba sai ya ce ba, ƙasar wurinsa ta daddale da shekaru na baƙin mai da takawa, kuma hannunsa ya ɗaga babura dubbai, yana jin motsin babur kafin ya karkata. Duk da haka, a dubi yatsu da ƙwaurin tsofaffin makanikai, tabon sana'ar yana nan. Mai koyo a gida ba shi da yaran, ba shi da shekarun, don haka katako da igiya su ne za su tsaya masa a madadinsu.

Wani kuma zai ce tunda akwai haɗari, a bar gyara a gida gaba ɗaya. Wannan ma bai yi ba. Cen da ya bushe ko ya saki yana iya fita a tsakiyar titi, kuma mutum ya fi kula da abin da yake iya dubawa duk mako a gida fiye da abin da sai ya biya kuɗi ya bi layi. Abin da ya dace shi ne sanin iyaka. Sa mai a cen, ɗaure shi, duba birki, juye baƙin mai, cire taya ɗaya, duk aikin gida ne idan an tsayar da babur yadda ya kamata. Kwance shokozoba na gaba, ko wuyan babur, ko sauke injin, waɗannan na bakanike ne, domin suna cire ɓangaren da babur ke tsaye a kansa.

Saura masu yin bidiyo da Hausa, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a TikTok da Facebook da YouTube. Su ne suka san tsakar gida da rariya da bulo, su ne kuma matasa suka fi yarda da su. Tsarin waɗannan dandali yana fifita bidiyo mai sauri, shi ya sa ake yanke wurin ɗagawa, amma daƙiƙa talatin ta isa a nuna katako a ƙasa, roba a birki, igiya a jak, da girgizawar gwaji. Mai kallo ma yana da nasa: idan ya ga bidiyon da ya fara da babur a sama, ya tambayi mai shi me ke riƙe da babur ɗin, kuma a kan wace irin ƙasa. Idan tambayar ta yawaita, masu bidiyo za su fara amsa ta tun kafin a yi musu.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: faffaɗan katako ɗaya, gungume ɗaya, igiya mai ƙarfi, robar tsohon tub, da mutum na biyu. Mai babur ya tanade su a wuri ɗaya tun yau, kafin ranar da taya za ta yi faci da sassafe kuma sauri ya sa idonsa ya faɗa kan bulon da ke jingine a bango.